Ƙugi a Kunnen Mai Inji

Zuwa ga Kawu Mai Rediyo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, da fatan idon da aka ce yana damunka ya yi sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai abin da zan faɗa maka.

Na san sai ka yi tunani kafin ka gane ni. Ni ce Auta, 'yar Mai Inji. Kakata ta wajen uwa da mahaifiyarka 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma an ce rabonka da ni tun ina goye. Yanzu ɗinki nake yi a gida, ni ce nake tare da Baba. An gaya mini ba ka ɗaukar waya, shi ya sa na ba direban motar kaya wannan takarda.

Maganar kunnen Baba ce. Shekara arba'in ya yi a tsaye kan injin niƙa, yanzu likita ta ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana bin sa, bai fi 'yan watanni ba. Ranar da muka dawo daga asibiti ya sa ni na buɗe akwatin Inna, wanda bai bari kowa ya taɓa ba tun rasuwarta. A ƙarƙashin zannuwa muka sami kaset guda, da rubutunka a jiki: “Gwajin sabon makirfo, ƙanwata tana surutu.” Kawu, ina da shekara biyu ta rasu. Ban san muryarta ba, shi kuma Baba so yake ya ji ta kafin kunnen ya rufe.

Ƙaramar rikoda mai batir ta so ta cinye kaset ɗin, da ƙyar na zare shi. Sai na samo babbar rikoda mai aiki da wuta, da hedifon, da wani ɗan akwati da ake kira amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti. A shagon mai gyara, da wani kaset, komai tas yake fita. Da na kawo gida na jona sai ƙugi, uuuu, kamar an rufe ƙudan zuma a tulu. Baba ya ce shi ƙugin kawai yake ji, ba ya jin mutum. Sau uku ina mayar da akwatin, mai gyara ya ce lafiyarsa ƙalau. Na ce wa Baba to mu je shagon ya saurara, ya kalle ni ya ce matarsa ce, ba zai saurare ta a tsakiyar kasuwa ba.

Kai ka ɗauki muryar nan, kuma an ce shekara talatin ka yi a gidan rediyo. Ka taimake ni.

'Yarka,
Auta.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarki, na gane ki tun kafin in kai layi na uku, don uwarki ma haka take shiga magana kai tsaye. Muna lafiya. Idon dai sai a hankali, da gilashi biyu nake karatu. Ki gaishe mini da Mai Inji, ki ce masa tun muna samari nake gaya masa ya toshe kunne da auduga, ya ce auduga ta mata ce.

Na manta da kaset ɗin nan sam, sai da kika tuna mini. Abu na farko, ki mayar da shi akwatin uwarki, ki riƙa gwaji da wani. Tsohon kaset duk juyi ɗaya sai ya rage masa kwana.

Mai gyaranki bai yi ƙarya ba. Abin da ya yi shiru a shago ya yi ƙugi a gida, to gidan za a tuhuma. Ki sani, wutar da ke cikin bangonku ba a tsaye take ba, gaba da baya take yi sau hamsin a cikin daƙiƙa ɗaya, dare da rana, tun daga tashar da ake yin ta har ƙwan fitilar ɗakinki. Ƙugin da kike ji sautin wannan kai da komon ne. Na tsufa a aikin nan, amma har yau in na tuna cewa wani ƙaton inji da ban taɓa gani ba yana juyawa can nesa, kuma ina jin juyinsa a cikin kunnena, sai tsigar jikina ta tashi. Allah da iko yake. Kunnen mahaifinki kuma siririn sauti yake fara rasawa, mai kauri yana nan. Muryar mace siririya ce, ƙugi mai kauri ne, shi ya sa yake danne masa ita.

Ga aikinki. Ki cire wayar rikoda daga amfilifaya ki bar shi shi kaɗai, ki ji ko ƙugin yana nan. Ki murɗa sautin sama da ƙasa ki ji ko yana canjawa. Ki ɗora hannu a jikin ƙarfen akwatin ki gaya mini abin da ya faru. Ki kashe firiji, da fanka, da keken ɗinkinki, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ki sami littafi ki riƙa rubuta rana da lokaci, yaushe ya yi ƙarfi, yaushe ya sauka, har mako uku. Ke tela ce, kin san ba a yanka yadi sai an auna. Kada ki rubuto mini “wani lokaci”, ba na aiki da wani lokaci.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina yi maka sannu da jiki. Baba ya ce in gaya maka shi dai da injinsa ya ciyar da gari, kai kuwa surutun mutane ka yi ta tarawa a faifai. Rabon da in ga ya yi dariya haka an daɗe.

Na yi duk abin da ka ce. Ko babu rikoda ƙugin yana nan. In na murɗa sauti yana ƙaruwa kaɗan, amma ko na mayar da shi ƙasa gaba ɗaya ba ya mutuwa. Firiji da fanka ba ruwansu. Kekena in ina taka shi yana ƙara wani ɗan tsartsar, amma ba shi ne uban tafiyar ba. Da yamma in kowa ya kunna kayansa ƙwayayen fitilarmu sukan dusashe, wani sa'in kuma su yi haske fiye da ƙima, a lokacin ƙugin ya fi muni.

Abin mamaki, in na ɗora tafin hannuna a jikin akwatin sai ƙugin ya ragu da kusan rabi. Na tsaya ina kallon hannuna, ni da ba waya ba, ba batir ba, yaya aka yi na shiga cikin lissafin? Sai dai in na shafa shi da bayan hannu ina jin wani abu yana bi na kamar tafiyar kiyashi, musamman in ba takalmi a ƙafata.

Littafin kuma ya nuna abin da na kasa ganewa. Duk ranar Talata da Asabar, daga hantsi zuwa la'asar, ƙugin yakan sauka sosai, har ka ce zai tafi. Washegari ya dawo. Mako uku a jere haka, kuma babu abin da nake kashewa ko kunnawa a ranakun.

Baba yanzu kullum bayan karin safe sai ya sa hedifon ɗin ya zauna, ko ba kaset, wai yana saba wa kunnensa. Jiya na kira shi daga bakin ƙofa sau huɗu bai juyo ba. Watan jiya sau biyu ya isa. Ina jin tsoro, Kawu.

Auta.

*

Auta,

Ki cire akwatin nan daga soket yanzu. Kada Mai Inji ya sake sa hedifon ɗin a kunnensa, ke ma haka. Direba yana jira, sauran bayani yana tafe.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shirun nan. Wannan ita ce takarda ta uku da na aiko tun bayan 'yar takardarka, yau mako biyar ke nan babu amsa. Direba ya ce yana miƙawa a ƙofar gida, bai san komai ba.

Zan faɗa maka gaskiya, raina ya ɓaci. Baba ne ya karɓi 'yar takardarka, don ina wajen kai ɗinki. Ya karanta layi ukun nan, ya fahimci cewa ka duba lamarin ka ga babu amfani, kunya ce ta hana ka faɗa. Da na dawo na tarar ya naɗe wayar hedifon da kyau, ya mayar da kaset ƙarƙashin zannuwa, ya kulle akwatin. Ya ce mini, “Ki bar wahalar da bawan Allah, na daɗe ba na jin ta, zan iya ƙarasawa a haka.” Ni kuma tunanina ya tafi wani wajen, na ce ko akwatin amfilifayan ne yake ƙara lalata masa kunne, da hannuna na kawo shi gidan. Kwana uku ban iya zura zare a allura ba.

Mun koma asibiti, likita ta ce abin yana sauri fiye da yadda ta zata. Yanzu sai na tsaya a gefen damansa in ɗaga murya. Gwaggo, ƙanwarsa da ke zuwa taya ni wanki duk Talata da Asabar, ta ce in haƙura, wai tsofaffin masu sana'a haka suke, in abu ya gagare su sai su yi shiru. Ban yarda da ita ba.

In babu yadda za a yi, ka rubuto ka ce babu. Zan iya ɗauka.

Auta.

*

Zuwa ga 'yata Auta,

Wa alaikumus salam. Ki yafe mini. Washegarin ranar da na rubuta miki aka kira ni aikin ido, aka yi ɗaya, bayan mako biyu aka yi ɗayan. Takardunki uku suna kan tebur ina shafa su kamar makaho, kuma ban yarda wani ya karanta mini maganar gidanku ba. Yau aka yarda in yi karatu. Ina gani tar, har na gano matata ta tsufa ban sani ba.

Laifina ne da na yi rowar kalmomi. Ban ce babu amfani ba, kuma akwatin bai taɓa kunnen mahaifinki ba. Kiyashin nan da kika ji a bayan hannu shi ya tayar mini da hankali. Wuta ce take yawo a jikin ƙarfen ba ta da hanyar fita, sai ta bi ta jikinki ta sauka ƙasa, shi ya sa ƙugin ke raguwa in kin taɓa. Yau kiyashi ne, ranar da wani abu ya ƙone a ciki kuwa ba kiyashi ba ne, ga dattijo zaune da waya a kansa. Tsoro na ji, na rubuta da gaggawa.

Yanzu ki zauna ki ji. Kin aiko mini amsar da kanki cikin faɗan da kika yi mini. Gwaggonki tana wanki Talata da Asabar, ƙugi yana sauka Talata da Asabar. Da na haɗa takardun biyu sai da na miƙe tsaye, na yi ta salati ni kaɗai a ɗaki. Kowane gida mai wuta yana da wani ƙarfe da aka kafa a ƙasa, da waya ɗaure a kansa, aikinsa ya kwashe wutar da ta ɓace hanya ya zuba ta a ƙasa. In ƙarfen ya ruɓe ko ƙasar ta bushe ƙayau, hanyar ta toshe. Ruwan wankin Gwaggo yana jiƙa wurin, hanya ta ɗan buɗe, rana ta busar da shi, ta sake rufewa. Ki duba inda take zubar da ruwa, na rantse ƙarfen yana nan kusa. Baiwar Allah tana gyara wutar gidanku sau biyu a mako da ruwan sabulu, ita ba ta sani ba, tana can tana zagina.

Ki kira mai wayarin na gaske, wato mai aikin wutar gida, kada ki taɓa da hannunki. Ya kafa sabon ƙarfe mai tsawo inda ƙasa ke da laima, ya ɗaura sabuwar waya, ya bi ta har soket ɗin ɗakin mahaifinki. Ya ƙara ɗaure wayoyin da ke wajen mita, wannan hasken da ke hawa da sauka alamar wata ta kwance ce. Rikoda da amfilifaya kuma su ci daga soket ɗaya. In ya gama, ki gwada da bayan hannu kafin kowa ya sa abu a kunne.

Ki karanta wa Mai Inji wannan a kunnensa na dama, da ƙarfi. Ki ce masa ya buɗe akwatin uwarki.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah ya ƙara wa ido haske. Ni ce zan nemi gafara, na yi maka mummunan zato. Mu nan lafiya, kuma ina da labari.

Mai wayarin ya zo ranar Litinin. Na kai shi bayan gida inda Gwaggo ke juye baho, ya tona bai fi taƙi biyu ba sai ga ƙarfen. Tsatsa ta cinye shi ya koma kamar tsinken tsire, wayar kuma siraran gashi biyu ne kawai suka rage suna riƙe da shi. A wajen mita ya sami wata waya da ta kwance har ta yi baƙi, ya ce Allah ne kawai ya tsare mu daga gobara. Gwaggo da ta ji labari ta ce ai ita dama ta san hannunta da albarka, yanzu ba a iya zama da ita.

Da ya gama na shafa akwatin da bayan hannu, babu kiyashi. Na sa hedifon na kunna, sai na zaci wuta aka ɗauke. Na duba, ga 'yar fitilar tana ci. Shiru ne, Kawu, shiru irin wanda ban taɓa ji a gidan nan ba. Na zauna a ciki na ɗan lokaci ina jin numfashina.

Washegari da hantsi Baba ya yi wanka ya sa farar riga, ya buɗe akwatin Inna da kansa. Ya sa hedifon, sai ya juya ɓangaren hagu waje, ya ce tunda wannan kunnen ba ya aiki in kawo nawa. Muka zauna kai da kai a bakin gado, na danna.

Sai ƙugi. Uuuu, kamar da. Na miƙa hannu zan kashe, ya riƙe mini wuyan hannu. Ya rufe ido ya daɗe, sannan ya ce, “Wannan ba wutar gidan nan ba ce. Injina ne.” Ya ce in saurara da kyau zan ji wani tak, tak a ƙarƙashi, mahaɗin bel ɗin injin ne da ya ɗinke da waya. A tsohon gidanmu bango ɗaya ne tsakanin ɗakin Inna da shagon niƙa. Ashe ƙugi biyu ne a kan juna tun farko, na gidanmu na yau da na cikin kaset, kuma na gidan ne ya fi ƙarfi ya rufe komai. Wanda ya rage bai kai ya danne murya ba.

Sai ga ta. Muryarta ta fi yadda na zata kauri, kuma tana jan ƙarshen magana kamar yadda ake cewa ina yi. Tana ce maka Yaya ka kawar da abin nan daga bakinta, ita me za ta ce wa ƙarfe. Akwai jaririya tana ƙananan kuka a kusa, Baba ya taɓa gwiwata. Ta ce maka ka ji Maigida can, tun safe yake abu ɗaya, in ta kira shi sai ta yi sau biyar, wata rana injin nan sai ya cinye masa kunne. Duk wannan Baba bai taɓa ji ba, don lokacin yana bayan bango yana niƙa.

Can sai ƙugin ya fara sauka, tak ɗin yana ja baya, yana ja baya, har ya tsaya cik. Shekara ashirin da takwas da suka wuce Baba ya kashe injinsa, mu kuma muka ji ɗakin ya yi tsit a kunnenmu. Da ba a gyara wutar gidan nan ba, har abada ba za mu san ƙugin ya tsaya a wurin nan ba. Inna ta rage murya ta ce yanzu zai shigo, fari fat kamar an zazzage shi daga buhu. Ƙofa ta yi ƙara. Ta ce, a fili, babu abin da ya tare ta:

“Sannu da aiki, Maigida. Ka ji ni kuwa?”

Baba, da muryarsa ta ƙuruciya a cikin kaset, ya ce, “Iye? Me kika ce?” Ku biyu kuka fashe da dariya.

Baba da ke gefena, hawaye yana sauka kan farar rigarsa, ya ce, “Na ji ki. Yanzu na ji ki.”

Mai gyara zai kwafe mana shi don kada ya lalace. Ya ce yana da hanyar da zai goge ƙugin injin ya bar murya zalla, Baba ya ce duk wanda ya taɓa masa ƙugin nan ba shi ba shi. Yau da safe na kira shi sau shida bai juyo ba, sai na je na taɓa kafaɗarsa. Ya ɗago yana murmushi, ya matsa mini wuri a gefen hagu.

Ya ce in gaishe ka, in ce maka maganar auduga ka fi shi gaskiya.

'Yarka,
Auta.